Abin da ke Bugawa a Wuyan Mai Guga

Direba ba ya mari. Da wannan yake alfahari. A tashar motocin kaya yakan ce shi bai taɓa ɗaga hannu ya mari mace ba, kuma gaskiya yake faɗa. Wuya yake kamawa.

Ranar Talata da safe a kan maɓalli ne. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mai Guga saboda aikinta a shagon wanki, ta goge masa riga ba ta lura maɓalli na uku ya fita ba. Ya sa rigar, ya ga tumbinsa yana leƙe a madubi, ya kira ta.

"Na 'yan gari kina goge su tas. Nawa kuwa ko oho."

"Cire in ɗinka maka, minti biyu ne."

"Ni kike ba umarni?"

Ya haɗa ta da ƙofar ɗaki. Hannun dama, kamar kullum. Ta san yadda ake yi: ka saki jiki, ka kalli bango, ka jira. Yakan gaji kafin numfashinta ya ƙare. Amma yau babban yatsansa ya sauka a kan kumburin nan da ke ƙarƙashin muƙamuƙinta na dama, wanda ya daɗe yana tasowa ba ciwo. Ya danna. Ba ta ma kai ga jin shaƙa ba. Ɗakin ya mutu kamar an zare waya daga soket.

Ta farka a kan siminti, fuska jiƙe. Mama, uwar Direba, wadda ke zaune da su a ɗakin gaba, tana tsaye a kanta da kofi.

"Tashi, 'yar nan, iyayin ya isa. Ko minti bai yi yana riƙe da ke ba."

Direba ya sake riga, yana ɗaura agogo. Bai kalle ta ba.

"Sabon salo ne," in ji shi. "Sumar ƙarya."

"Harshe da haƙori ma sukan saɓa," in ji Mama. "Je ka aikinka, kada ka makara."

A shagon wanki zafi ne da tururi da warin sitati. Mai Guga ta tsaya a teburinta na kusa da taga, ta naɗa gyale a wuya duk da gumin. Anti mai shago, mace mai jiki wadda ba ta iya ganin abu ta ƙyale, ta tambaye ta ina rigunan otal. Ta amsa. Anti ta ajiye kwandon da ke hannunta.

"Muryar nan taki ta koma ta kwandasta. Sauke gyalen."

"Mura ce, Anti."

"Sauke, na ce."

Ta sauke. Anti ta dubi shatin yatsu huɗu a gefe ɗaya, ta dubi kumburin da ya kai ƙwan kaza a ɗaya gefen. Ta daɗe tana kallo. Fatar wurin tana motsi a hankali, tana ɗagawa tana sauka.

"Waɗannan na san sunansu," in ji ta. "Wancan ne ban sani ba. Kashe dutsen gugar. Asibiti za ki, yanzu."

Likitan farko ya taɓa sau ɗaya, ya janye hannunsa, ya tura ta ɗakin hoto. Ɗaki ne mai sanyi, labule a rufe. Likitar hoto mace ce siririya mai furfura a gaban goshi, ba ta da yawan magana. Ta kwantar da ita, ta sa matashi a ƙarƙashin kafaɗunta. Da yatsu biyu ta tura kumburin gefe, ya tafi. Ta dawo da shi. Ta gwada sama da ƙasa, ya ƙi ko motsi.

"Hm," in ji ta.

Ta shafa wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'urar a wuyan, a hankali kamar mai taɓa jariri. Allo ya cika da toka-toka. Ta danna wani maɓalli, sai launi ya shigo. Ta juyo da allon.

"Kin san gwafa? Sandar da ta rabu biyu a kai. Babbar jijiyar da ke kai jini sama haka take. A daidai nan ta rabu, reshe ɗaya ya tafi fuska, ɗaya ƙwaƙwalwa. A wuyan da ba komai, rassan kusa suke da juna kamar yatsu biyu. Duba naki."

Mai Guga ta duba. Jajayen hanyoyi biyu, an buɗa su nesa da juna. A tsakaninsu wani dunƙule ya zauna daram, cikinsa yana ƙyalƙyali ja da shuɗi kamar garwashin da aka hura.

"Ƙari ne, ya zauna a cikin gwafar, shi ya sa ba ya hawa ba ya sauka. Yawancin irinsa ba ciwon daji ba ne, kuma ana cire shi. Amma daga jijiyar yake shan jini kai tsaye. Saurare ni da kyau. Kada kowa ya soka masa allura. Kada a tsaga. Ba maruru ba ne, ba mugunya a ciki, jini ne zalla. Kuma kada a matsa wurin. In aka matsa, zuciya sai ta rage gudu, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wata rana ba za ta sake ɗauka ba."

Ta rubuta takarda. Ranar Alhamis ta sama, babban hoto, wanda ake kwanciya a shiga cikin na'ura, don masu aiki su san ta inda za su bi. Ta goge man da tsumma mai laushi. Hannunta ya tsaya a kan shatin yatsun.

"Akwai mai matsawa?"

"Babu."

"To. Ki zo Alhamis. Ko da ke kaɗai ce."

A hanyar gida Mai Guga ta yi tunani, kuma tunanin ya yi mata daɗi. Yanzu tana da maganar likita a rubuce. In ya ji cewa hannunsa zai iya kashe ta, zai bari. Ba ya son gawa, ladabi yake so. Haka ta lissafa.

Ta jira ya ci abincin yamma, ya wanke hannu. Ta durƙusa ta miƙa takardar, ta faɗa masa duka: gwafar, ƙarin, allurar, matsawar. Daga duk abin da ta faɗa kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa.

"Hoto?"

"Babban hoto. Don su ga..."

"Su ga me?"

A tasharsu akwai labarin da ake yi. Wai na'urar nan ba ta barin komai, tana nuna shatin hannu a ƙarƙashin fata ko da ya shekara, wai har wani direban tanka ta sa aka ɗaure. Direba ya dubi kumburin. Daidai inda babban yatsansa ke sauka. A ransa ya riga ya gama: shi ya yi shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Wa ya ba ki izinin kai wuyanki gaban mutane?"

"Anti ce ta..."

"An ce kada in taɓa wuya, ko? To na ji."

Ya zare bel. Ya fara da baya. Da ta dunƙule, ya koma cinya, da gefen da ƙarfen yake. Ta rarrafa za ta shiga ƙarƙashin tebur, ya jawo ta da ƙafa, ya taka yatsun hannunta na dama, ya murza da dunduniya. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, muryar ba ta kai. Mama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ban da fuska," in ji ta. "Mutane na gani."

Da ya gaji ya yayyaga takardar, ya zuba a kwandon shara, ya ɗauke wayarta ya sa a aljihu. Mama ta shigo, ta tsuguna, ta ɗaga haɓar Mai Guga zuwa wajen fitila. Ta ɗora yatsu a kan kumburin, ta lumshe ido.

"Bugawa yake."

"Likita ta ce jijiya ce, Mama."

"Likita nawa ta haifa? Ni bakwai na haifa, bakwai na raina. Duk marurun da ya fara bugawa ya nuna ke nan. A fasa shi, mugunya ta fita, kowa ya huta." Ta juya ga ɗanta. "In ba kumburi, ba hoto. Asirin gida ba a kai shi gaban na'ura."

Direba ya sauke ajiyar zuciya. Ya dubi uwarsa kamar wadda ta tsamo shi daga rijiya.

Tun daga ranar ƙofar waje ta koma kulle. Kowace safiya Mama takan tafasa ruwa, ta tsoma tawul, ta gasa wurin don ya tara baki. Bayan gashi sai murza, da yatsu biyu masu ƙarfi. Ranar Laraba Mai Guga ta suma a kan kujera. Ranar Juma'a ta suma ta faɗa kan bokitin gashin, ruwan ya ƙone mata gwiwa.

"Kin gani," in ji Mama, "ciwon ne ke fita."

Haɗiya ta fara yi mata wuya. A kunnenta na dama wata ƙara ta zauna, fuu, fuu, fuu, kamar famfon da ke zuƙar iska, ba ta tsayawa. In ta kwanta ta wannan gefen sai ta ji gadon ma yana bugawa.

Ranar Asabar da hantsi Anti ta zo. Mai Guga ta ji muryarta a ƙofa.

"Na zo duba ma'aikaciyata."

"Ta tafi wajen danginta, sai wani sati," in ji Mama.

"Takalmanta kuwa ga su nan."

"Ƙafa ɗaya ce da ita da za ta rasa wasu?"

Mai Guga ta ja jiki zuwa taga, ta buɗe baki ta kira. Abin da ya fito bai fi hucin dutsen guga ba. Ta buga gilashin da hannun da aka taka. Wata babbar mota ta wuce a layin. Da ƙarar ta lafa, Anti ta tafi.

Ranar Litinin da azahar suka kai ta wurin Mai Kemis, abokin Direba, wanda ya taɓa aikin tura gado a wani asibiti, ya fito da farar riga da kalmomi kaɗan. A bayan shagonsa akwai ɗan ɗaki: benci, kwalaye har rufi, fanka mai kuka, tire da almakashi da auduga.

"Madam, kwanta. Kafin ki ƙirga goma mun gama."

"Likita ta ce kada a soka," in ji ta. Dole ya sunkuyo kafin ya ji.

"Likita ta ce, likita ta ce. Su ai ko kurajen zafi ne sai sun ce hoto."

Ya ɗora yatsa. Murmushin ya ragu. Ya sake ɗorawa.

"Mutumina, bugun nan ya yi yawa fa."

"Nuna ce," in ji Mama.

"Tsoro kake ji?" in ji Direba. "Ka ce mini ka yi wanda ya fi wannan. Ko farar rigar ta aro ce?"

Mai Kemis ya jawo tiren. "Bari in fara zuƙe mugunyar da sirinji, sannan mu tsaga."

Da ta ga allurar sai ta tashi. Ba ta taɓa ramawa ba a gidan nan, amma yau ta shuri tiren, almakashi ya tashi sama. Direba ya damƙe ta, ta cije shi a tsintsiyar hannu har haƙoranta suka haɗu da wani abu mai tauri. Ya maka ta a kan bencin. Ya ɗora gwiwa a ƙirjinta, ya danne goshinta da tafin hannu, ya murɗa kan zuwa hagu har wuyan ya miƙe. Mama ta zauna a kan ƙafafunta da duk nauyinta.

"Haƙuri, 'yar nan. Don lafiyarki ake yi. Gobe za ki gode mana."

Idonta yana kan kwalaye. Ta ji sanyin auduga, ta ji tsinin. Sai ta ji Mai Kemis ya daina numfashi. Bai ja sirinjin ba. Shi da kansa yake cika, yana turo hannunsa baya, ja wur, bugu bayan bugu.

"Ina mugunyar?" in ji Mama.

Mai Guga ta fizge, allurar ta yaga gefe ta fita. Jinin ya tashi siriri, ya bugi kwalin da ke sama, ya tsaya, ya sake tashi. Ya sami farar rigar, ya sami fuskar Direba, ya shiga bakinsa. Fanka tana ta juyawa.

"Danne, danne," in ji Mai Kemis. "Na faɗa maka bugun ya yi yawa."

Ya cusa auduga, ta jiƙe nan take. Ya cire rigarsa ya dunƙule ya danna da hannu biyu, daidai inda aka ce kada a matsa. Ɗakin ya tafi.

Sauran guntu-guntu ne. Bayan motar kaya, ƙarfe mai zafi a ƙeyarta. Wuyanta yana cika daga ciki, iska tana shiga ta wata 'yar ƙofa da ke ƙara tsukewa. Muryar Mama tana cewa, in an tambaya, da kansa ya fashe. Fitilu a rufi. Wata roba a maƙogwaro.

Kwana uku kafin a cire robar. A rana ta huɗu aka tura ta a kan gado zuwa wani ɗaki mai sanyi, inda na'urar take, ƙaton farin zobe. Aka zuba mata wani ruwa ta jijiyar hannu, ɗumi ya ratsa jikinta har ƙafa, bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe.

"Kada ki motsa, kada ki haɗiye," in ji wata murya.

Wannan ta iya. Shekaru ta yi tana koyo.

Da la'asar likitar hoto ta shigo ɗakin da ƙaramar kwamfuta, wata nas tana biye. Direba yana zaune a gefen gado da bandeji a hannu. Kwana huɗu bai yi aski ba, bai ci abin kirki ba, kuma ba don matarsa ba. Mama tana wajen ƙafa.

Likitar ta buɗe hoton. Wuya a yanke, fari da baƙi. Ƙarin ya sha ruwan da aka zuba, ya haska fari fat a tsakanin rassan biyu. Ta nuna inda allurar ta bi, ta ce saura kaɗan ta yaga reshen da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Ta ce za a yi aiki in kumburin jinin ya sauka, kuma aikin ya fi wuya yanzu. Direba bai ji ko ɗaya ba.

"Likita, me ke kawo shi? Misali... in an riƙe wurin. Ko an buge. Hannu zai iya kawo shi?"

Ta dube shi.

"A'a. Ya kai shekara biyar yana girma, ko fi. Hannu ba ya kawo shi."

Ya jingina da bango. Dariya ta ƙwace masa, 'yar gajera. Ya shafa fuska da tafin hannu biyu.

"Kin ji, Mama? Ba ni ba ne."

"Alhamdulillahi. Dama na faɗa, ɗana ba mugu ba ne. Ciwo ne daga Allah, aka bi yaro da zargi."

"Hoton da kansa ya wanke ni." Ya juya ga matarsa, har da tausasa murya. "Ke ma kin ji dai."

Mai Guga ta kalli rufi. Jakar jini ta huɗu tana rataye a kanta, tana ɗiga. An danne ta a kan benci, an huda ta, an kusa binne ta don a ɓoye laifin da bai ma yi ba. Yanzu yana jiran ta taya shi murna.

"Ban gama ba," in ji likitar.

Ta murza hoton sama kaɗan. Wani ɗan ƙashi ya bayyana, lanƙwasasshe kamar hannun kofi.

"Wannan yana ƙarƙashin harshe. A ɓoye yake, nama ya kewaye shi, ba ya karyewa da wasa. Nata ya karye wuri biyu. Nan ya warke, ga tudun da ya bari. Nan kuwa baƙin layin nan sabo ne, bai fi 'yan makonni ba. Ƙari bai yi wannan ba. Allura ba ta yi ba."

"A banɗaki ta zame," in ji Mama.

"Tana yawan suma," in ji Direba. "Likita, ke da bakinki kika gaya mata in an..."

"In an me?"

Ya kau da kai. Likitar ta juya ga gadon.

"Ke nake tambaya: me ya karya shi? In kina so, su fita."

"Ba mai fita," in ji Mama. "Ba baƙi ba ne mu."

Ta ƙarƙashin zanin gado hannun Mama ya sami idon sawun Mai Guga, ya matse. Direba yana kallonta, yatsunsa suna buɗewa suna rufewa a kan gwiwa. Mai Guga ta tara miyau, ta haɗiye da ƙyar. Likitar ta sunkuyo da kunnenta kusa da bakinta.

"Uku ne."

"Me kika ce?"

"Sau uku na ji ya yi ƙas. Ki sake dubawa."

Hannun Mama ya saki. Likitar ta miƙe, ta ce wa nas ta kira mai gadi ya tsaya a ƙofa. Ta jawo kujera ta zauna tsakanin gadon da Direba, ta ba shi baya. Ta gyara tabarau, ta soma murza hoton ƙasa, yanka bayan yanka, ba gaggawa. Takalmin mai gadi ya iso ya tsaya.

Yatsan likitar ya tsaya a kan maƙogwaron da ke hoton.

"Ga na ukun," in ji ta. "Nas, miƙo mini biro."